Tambaya da Amsa: Gaston Defferre, mutumin da ya riƙe Marseille shekara 33

Jama'a sannunku da warhaka. Wannan karon tambayoyin kusan duk kan mutum ɗaya suka faɗa, wani tsohon ɗan siyasar Faransa, to sai muka haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Don Allah wani tsohon bidiyo na gani a Facebook, wasu Turawa su biyu sun tuɓe kwat suna kai wa juna suka da takobi a cikin wani lambu ga mutane tsaye suna kallo, aka rubuta wai 'yan majalisar Faransa ne kuma ɗayan ma magajin gari ne. Da gaske ne ko dai fim ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba fim ba ne wallahi, abin ya faru ranar 21 ga Afrilu 1967 a wani gida da ke Neuilly-sur-Seine kusa da Paris. Dattijon cikinsu shi ne Gaston Defferre, magajin garin Marseille kuma ɗan majalisar dokoki na jam'iyyar gurguzu ta 'yan soshalis (ba 'yan kwaminis ba), lokacin yana da shekara 56, ɗayan kuma René Ribière ne, ɗan majalisa daga ɓangaren shugaban ƙasa na lokacin Janar De Gaulle. Abin da ya haɗa su, ana cikin zaman majalisa Defferre ya daka wa Ribière tsawa yace ya yi shiru, ya haɗa da kiran sa dolo, shi kuma yace sai an janye maganar, Defferre yace ba zai janye ba, to shi ne Ribière ya nemi a raba gardama da takobi irin yadda kakanninsu ke yi. Mintoci kaɗan aka yi, Defferre ya ji masa ciwo sau biyu a hannu sai alƙalin wasan ya tsayar, abin dariyar ma washegari ne ɗaurin auren Ribière ɗin. Har yau wannan ake lissafawa a matsayin fito-na-fito da takobi na ƙarshe da aka sani a Faransa.

Amma kar ka tsaya kan takobin kawai, don mutumin nan tarihinsa ya fi haka nisa. An haife shi 14 ga Satumba 1910 a wani ƙaramin gari Marsillargues a kudancin Faransa, ya karanta lauya, ya fara aiki a Marseille, ya shiga jam'iyyar gurguzu ta wancan lokacin SFIO a 1933. Da Jamus ta mamaye Faransa a yaƙin duniya na biyu ya shiga cikin masu gwagwarmaya a ɓoye, a wata ƙungiya mai suna Brutus, kuma da aka 'yantar da Marseille a Agusta 1944 abu biyu ya fara kamawa, ofishin magajin gari da kuma gidan wata jarida da ya mayar da ita Le Provençal. Duk wanda ya san siyasa ya san wannan ba zaɓin ganganci ba ne.

TAMBAYA: Yallabai ni abin da ya ɗaure min kai, na karanta wai ya yi magajin gari daga 1953 har ya mutu 1986, kuma a wani wurin na ga ance ɗan majalisa ne, sanata ne, minista ne duk a cikin waɗannan shekarun. Ya za'ayi mutum ɗaya ya riƙe duk wannan? Ko masu rubutun ne suka cakuɗa? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam ba su cakuɗa ba, haka tsarin Faransa yake a da, mutum zai iya tara kujeru a lokaci guda kuma ba wanda zai ce masa don me. Hasali ma ɗan siyasar da ba shi da gari a hannunsa kallon mara tushe ake masa a Paris. Ga yadda nasa ya tafi: ya riƙe garin karo na farko 1944 zuwa 1945, sai ya kuɓuce masa, 'yan kwaminis suka karɓa, bayansu mutanen De Gaulle, sai 1953 ya dawo, daga nan kuma ya sake ci a 1959, 1965, 1971, 1977 da 1983, wa'adin kuma shekara 6 ne, kuma ka sani a Faransa ba talakawa ke zaɓen magajin gari kai tsaye ba, kansiloli suke zaɓa sannan kansilolin su zaɓi ɗaya daga cikinsu. A gefe guda yana majalisar dokoki tun 1945, ya faɗi zaɓe a 1958 lokacin da guguwar De Gaulle ta share mutane da yawa, sai ya zame majalisar dattawa 1959 zuwa 1962, ya sake dawowa majalisar dokokin. Minista kuwa ya yi sau da yawa, na jiragen ruwan kasuwanci a 1950 zuwa 1951, na ƙasashen da Faransa ke mulka a 1956 zuwa 1957, na cikin gida 1981 zuwa 1984, sai na tsare-tsare har 1986. Ya ma shugabanci majalisar yankin Provence gaba ɗaya daga 1974 zuwa 1981.

Ni a ganina in kana so ka fahimce shi to ka ɗauki Marseille a matsayin gona, sauran muƙaman kuma cin rani ne, ana zuwa ana dawowa. Gwamnatoci a jamhuriya ta huɗu, wato tsarin mulkin Faransa na 1946 zuwa 1958, wata shida wata bakwai suke yi su rushe, minista yau gobe ba shi, amma kujerar magajin gari tana nan, kuma daga ita ne ake raba aikin yi a ma'aikatun gari, gidajen gwamnati masu arhar haya, kwangila, lasisin kasuwa. Ya ja ƙungiyar ƙwadago ta Force Ouvrière a jiki har ta zama ita ke da faɗa a ji cikin ma'aikatan birnin, ga jarida a hannu kullum da safe tana faɗin abin da yake so a ji, ga reshen jam'iyya na Bouches-du-Rhône, jihar da Marseille take ciki, wanda yana cikin mafi yawan 'yan kati a duk ƙasar. Masu sukarsa suna cewa siyasar ubangida da yaransa ce tsagwaronta, kuma gaskiya da wuya ka musa.

Wani abin da zai ba ka mamaki, shi ɗan gurguzu ne amma shekara da shekaru da masu matsakaicin ra'ayi da 'yan kasuwa masu ra'ayin riƙau ya yi ƙawance wajen mulkin garin, don kawai ya tare 'yan kwaminis waɗanda ke da ƙarfi sosai a tashar jiragen ruwa da unguwannin ma'aikata. Wannan tsoron ne ma yasa a 1966 da aka haɗe manyan birane irin su Lyon, Lille, Bordeaux da Strasbourg da ƙananan garuruwan da ke kewaye da su ƙarƙashin hukuma ɗaya, shi ya ƙi yarda a yi wa Marseille haka, don da yawan garuruwan gefen nasa a hannun 'yan kwaminis suke. Birnin ya daɗe yana ɗanɗana kuɗar wannan, sai shekarar 2000 aka yi haɗakar. Ayyuka dai ya yi, hanyar mota ta ƙarƙashin tsohuwar tashar ruwa a 1967, jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe 1977, bakin tekun Prado da aka cike da ƙasar da aka haƙo daga ramin jirgin, asibitoci, dogayen benaye don tsugunar da mutane. Amma su waɗannan benayen na unguwannin arewa su ne yau ake kuka da su kan talauci da rashin aiki. Kuma akwai tabon da bai goge ba, a 1962 da Turawan Aljeriya suka yi ta kwararowa ta tashar Marseille bayan 'yancin kai, ya fito fili yace su je su nemi wani wurin zama, mutanen nan har tsufansu ba su yafe masa ba.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ɗalibar tarihi ce, a darasin neman 'yancin ƙasashen Afirka renon Faransa malaminmu ya ambaci dokar Defferre ta 1956. Shin shi ne wannan ɗin ko suna ne ya zo ɗaya, kuma me dokar ta ƙunsa a taƙaice? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata shi ne dai, ba wani ba. A Fabrairu 1956 Guy Mollet ya kafa gwamnati ya ba shi ministan ƙasashen ƙetare da Faransa ke mulka, kuma ki duba halin da ake ciki lokacin, an ci Faransa da yaƙi a Dien Bien Phu da ke Vietnam a 1954, yaƙin Aljeriya ya ɓarke Nuwamban wannan shekarar, Maroko da Tunisiya sun samu 'yanci a Maris 1956, ga Ingila na shirin sakin Gana. Lissafin Defferre shi ne gara a saki igiyar kaɗan da hannu kafin a fizge ta da ƙarfi. Ya yi aikin tare da Félix Houphouët-Boigny na Côte d'Ivoire wanda shi ma minista ne a wannan gwamnatin, aka sa wa dokar hannu 23 ga Yuni 1956.

Abin da ta kawo, na farko kowane baligi mace da namiji ya samu damar jefa ƙuri'a, na biyu aka soke tsarin nan na akwati biyu inda Turawa ke zaɓen nasu daban 'yan ƙasa nasu daban, na uku majalisun yankuna suka samu ikon gaske kan kasafin kuɗi da harkokin cikin gida, sannan kowane yanki ya samu majalisar ministoci. Sai dai fa gwamna Bature shi ne shugaban majalisar ministocin, ɗan ƙasa mataimaki ne, kuma soja, buga kuɗi, harkokin waje duk suna hannun Paris. Aka yi zaɓe 31 ga Maris 1957, ta nan ne Djibo Bakary ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati a Nijar, Sékou Touré a Gini.

Inda gardamar take, kuma nan ne malaminku zai so ki yi tunani a jarrabawa, dokar ta ba kowane yanki ikonsa shi kaɗai maimakon ta ƙarfafa tarayyar Afirka ta Yamma mai yankuna 8 da hedikwata a Dakar. Léopold Sédar Senghor na Senegal ya yi ta faɗa cewa wannan daddatsa yankin ne a mayar da shi ƙananan ƙasashe marasa ƙarfi, Houphouët kuwa hakan ya masa daɗi don baya so arzikin ƙasarsa ya riƙa tafiya Dakar ana rabawa da sauran. Gini ta karɓi 'yanci a 1958, sauran kuma a 1960, a ƙarshe kowa ya tsaya shi kaɗai a kan iyakokin nan. Ni dai ina ganin Senghor ya fi gaskiya kan sakamakon, amma kuma bai dace a ɗora wa Defferre shi kaɗai ba, shugabannin yankunan da yawa da suka ɗanɗani kujerar minista ba su ƙara marmarin wani ya hau kansu daga Dakar ba.

TAMBAYA: Malam to in har yana da wannan ƙarfin me ya hana shi zama shugaban ƙasa? Daga wani mai bibiyar shafin nan.

AMSA: Ya nema ɗan'uwa, bai samu ba ne, kuma faɗuwar ba ƙarama ba. A 1963 mujallar L'Express ta fara tallata wani ɗan takara da ta ɓoye sunansa tana ce masa Malam X, wai shi ne zai kara da De Gaulle a 1965, daga baya aka gane Defferre ne. Shirinsa shi ne ya maimaita dabarar Marseille a ƙasa baki ɗaya, wato a haɗa 'yan gurguzu da masu matsakaicin ra'ayi a bar 'yan kwaminis a waje, amma shugaban jam'iyyarsa Guy Mollet bai so ba, su ma waɗanda ake zawarcin suka yi ta jan ƙafa, a Yuni 1965 ya janye. François Mitterrand ya shigo da akasin wannan dabarar, ya haɗa kai da 'yan kwaminis, ya kai De Gaulle zagaye na biyu ya samu kusan kashi 45 cikin 100.

A 1969 da De Gaulle ya sauka sai Defferre ya tsaya da gaske, yace in ya ci Pierre Mendès France zai naɗa firaminista, aka ƙirga ƙuri'a ya tashi da kashi 5 cikin 100, ɗan takarar kwaminis Jacques Duclos kuma ya haura kashi 21, Georges Pompidou ya lashe. Ka ga abin da ke tafiya a gari ɗaya inda kowa ya san ka kuma kana da abin bayarwa, ba lallai ya tafi a ƙasa ba. Abin da zan yaba masa shi ne ya gane karatun da wuri, a babban taron jam'iyya na Épinay a 1971 ya ɗauki ƙuri'un reshensa ya haɗa da na Pierre Mauroy na arewa suka ɗora Mitterrand kan shugabancin jam'iyyar, shekara 10 bayan nan Mitterrand ya zama shugaban ƙasa ya biya bashin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, me ya yi da ya zama ministan cikin gida, kuma yaya ƙarshensa ya kasance? Sannan yau ma mutum zai iya tara kujeru haka a Faransa? Daga wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya.

AMSA: Alhaji wannan ita ce tambayar da na fi so, don nan ne babban aikinsa yake. A Mayu 1981 aka ba shi ministan cikin gida da rarraba iko, yana da shekara 70, ƙarƙashin firaminista Mauroy wanda shi ma magajin garin Lille ne, ka ga magadan gari biyu sun samu wuƙa da nama. Kafin nan tun zamanin Napoleon Faransa daga Paris ake juya ta, kowace jiha akwai kantoma da gwamnatin tsakiya ke naɗawa, shi ne mai zartarwa a jihar, kuma duk abin da majalisar gari ta yanke yana iya dakatar da shi kafin ya fara aiki. Defferre ya shafe kusan shekara 30 yana haɗiye wannan takaicin a Marseille. Dokar 2 ga Maris 1982 ta cire wa kantoman wannan ikon, yanzu in yana ganin an saɓa doka sai dai ya kai ƙara kotun da ke shari'ar hukumomi bayan an riga an zartar, ikon zartarwa na jiha ya koma hannun zaɓaɓɓen shugaban majalisar jihar, manyan yankuna suka zama hukumomi masu cin gashin kansu har aka fara zaɓen majalisunsu kai tsaye a 1986, aka kuma kafa kotunan binciken kuɗi a yankuna don kar a ce an saki kuɗi ba mai duba. Dokokin 1983 suka raba aiki, firamare ta gari ce, ƙaramar sakandare ta jiha, babbar sakandare ta yanki, ina nufin gini da kula da su, albashin malamai yana nan a hannun gwamnatin tsakiya. Ƙasar da ke da ƙananan hukumomi wajen 36,000 lokacin, wannan ba ƙaramin juyi ba ne, kuma gwamnatocin riƙau da suka biyo baya ba su rushe shi ba, ƙara masa ma suka yi a 2003.

Amma fa Alhaji kar mu wanke shi tas. Doka ce da magajin gari ya rubuta wa magadan gari, ikon ya bar hannun kantoma ya faɗa hannun manyan gari irinsa, talaka bai ga wani canji a ranar ba. Kuma a Disamba 1982 ya kawo wata dokar ta musamman kan zaɓen Paris, Lyon da Marseille inda ake zaɓe shiyya-shiyya, shi ne ministan da ke kula da zaɓe kuma shi ne ɗan takara a ɗaya daga cikin garuruwan. A zaɓen Maris 1983, wanda a karon nan sai da ya haɗa kai da 'yan kwaminis ɗin da ya daɗe yana gudu, abokin karawarsa Jean-Claude Gaudin ya fi shi yawan ƙuri'a in aka haɗa garin duka, amma Defferre ya fi yawan kansiloli saboda yadda aka yanka shiyyoyin, ya zarce abinsa. Doka ta ba shi, amma mutane ba su daina magana ba.

Ƙarshensa kuma daga cikin gida ya zo. Yaron da ya rena a siyasa, Michel Pezet, ya ja da shi kan wa zai riƙe reshen jam'iyyar, a wani taro mai zafi da aka yi daren 5 ga Mayu 1986 ɓangaren Pezet ya yi rinjaye, dattijon ya koma gida ya faɗi ya bugu a kai, ya rasu 7 ga Mayu yana da shekara 75, yana kan kujerar magajin gari kuma ɗan majalisa. Matarsa Edmonde Charles-Roux, marubuciya ce da ta ci babbar kyautar adabi ta Goncourt a 1966, tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata kar Pezet ya gaje shi, aka ba wani likita Robert Vigouroux. Gaudin ɗin nan da aka yi wa dabara sai da ya hau kujerar a 1995 ya zauna har 2020.

Batun tara kujeru kuwa an yi ta rage shi a hankali, doka ta farko a 1985, wata a 2000, sai ta 2014 zamanin François Hollande wadda ta fara aiki 2017, ita ce ta hana ɗan majalisar dokoki ko sanata zama magajin gari ko shugaban jiha ko na yanki a lokaci guda, kansila kawai zai iya zama. Minista kuma doka ba ta hana shi ba, al'ada ce dai da firaminista Lionel Jospin ya fara matsawa a kai a 1997, wasu gwamnatocin su bi wasu su yi ko oho. Shi yasa Jean-Marc Ayrault ya ajiye kujerar magajin garin Nantes a 2012 da aka naɗa shi firaminista bayan shekara 23 yana riƙe da ita, Gérard Collomb kuma ya bar Lyon a 2017 ya karɓi ma'aikatar cikin gida, bai cika shekara biyu ba ya ajiye ministan ya koma garinsa ya karɓi kujerarsa.